Ciniki Ba Tayi

SHAFI NA 19

Masu bina har ta waya kuna cewa na cika ja muku rai, na ji, na karɓi laifina. Ga shi nan yau da tsawo. Amma mai hawan jini ya fara shan maganinsa kafin ya karanta, kar a zo a ce ni ce.

* * *

"Tsaya tukuna. Nawa kika ce mata?"

Iya ce ta yi tambayar, ludayin koko a hannunta, ta fasa kai shi baki.

Mashkura ta gyara wa sabuwar kwamfutarta zama a kan cinya. Ko ledar da ke manne a murfin ba ta yarda ta ɓare ba. Tun da ta fara rubutu ana biyanta, daga tallar masu turaren wuta har jawabin 'yan takarar kansila, ba ta taɓa mallakar abu mai tsadar wannan ba.

"Miliyan uku, Iya."

"Na littafi guda."

"Tarihin mijinta ne fa. Ranar da zai cika shekara sittin za a ƙaddamar. Aiki ne ja, sai na yi hira da..."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Da kika ce miliyan uku, ita Hajiya Zulai ɗin me ta ce?"

"Cewa ta yi, 'Shi ke nan? To ba ni lambar asusu.'"

"Ba ta taya ba?"

"A'a."

"Ba ta yi dariya ba? Ba ta ce ki rage ba? Ba ta ce bari ta shawarci mai gidan ba?"

Mashkura ta girgiza kai. Murmushin da ta tashi da shi tun asuba ya fara gudu daga fuskarta.

Iya ta ajiye ludayin cikin kwano a hankali. Kafin ɗanta ya ɗauko ta ya dawo da ita nan Kubwa, rabin rayuwarta a Kantin Kwari ta yi shi tana sayar da atamfa, kuma in ana maganar ciniki ba ta wasa.

"Na sayar wa matar talaka, na sayar wa matar mai kuɗi. Mai kuɗin ta fi iya tayi. Sai ta yini a tsaye a kan naira hamsin, ba don ba ta da ita ba, don dai kar a ce an yi mata wayo. Duk zamana a kasuwa mutum biyu ne na faɗi kuɗi suka biya ba su motsa ba. Na farko jabun kuɗi ya ba ni."

"Na biyun fa?"

"Na biyun ba atamfa ya zo saya ba. Ni ya zo gani, ko daɗewa ban yi da fita takabar ubanki ba."

Da a wata ranar ce da Mashkura ta yi dariya har da riƙe ciki. Yau dariyar ba ta zo ba, don Iya ba ta yi ba. Kallonta kawai take yi.

"To ke, ban da rubutun nan, me kike da shi da ake so?"



Abin haushin, miliyan ukun nan ba ma daga zuciyarta ta fito ba. Mashkura irin marubutan nan ce da in aka tambaye su kuɗin aiki sai su sunkuyar da kai su ce, "Haba, abin da ya sawwaƙa." Kuma duk mun san abin da ke sawwaƙa a hannun mutanenmu: katin waya da "Allah ya yi albarka". Ta taɓa shan wahalar gyara wa wani ɗan siyasa jawabi, ya sallame ta da kuɗin mota. Ƙawarta Christiana, 'yar Jos da ke rubuta wa kamfanoni talla, ita ta zaunar da ita ta karanta mata karatu: a Abuja in kika yi araha sai a ɗauka ba ki iya ba. Ki faɗi abin da zai girgiza su, su raba shi biyu, su sake rabawa, ki sallama a inda kike so tun farko.

Dubu ɗari shida Mashkura ta sa a ranta. Ta runtse ido ta ce miliyan uku, tana jiran a zage ta.

Ba a zage ta ba. Kafin la'asar kuɗin sun shigo cas.

"Wai ina ma suka shiga?" Iya ta tambaya. "Wannan asusun naki na waya ai na ji kina cewa ba ya ɗaukar kuɗi masu nauyi."

"Ita ma haka ta ce. Ta ce ko akwai babba a gida mai asusun banki. Sai na ba ta na cefane."

Na cefane asusun yayanta Manniru ne, da sunansa. Injiniya ne a wata ma'aikata, aikinsa duba gine-ginen gwamnati, yakan kwana biyu ba ya gida. Shi ya sa ya bar musu katin da 'yar ƙaramar wayar da saƙon banki ke shiga, don kar su rasa na miya. Da katin nan ta je Wuse jiya ita da Christiana ta sayo kwamfutar, ta biya kemis ta haɗo wa Iya maganin ƙafa.

"Yayanki ya sani?" Iya ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

"Yana can Masaka wurin ginin nan da ya hana shi barci. So nake sai ya dawo in ba shi mamaki."

"Mamaki." Iya ta maimaita. "Mutumin da aka kawo wa rago har ƙofar gida ana jajiberin Sallah ya ce a mayar, shi za ki ba mamaki da miliyan uku a asusunsa."

"Iya, halak ɗina ne fa. Gumina ne."

"Gumin da ba ki yi ba tukuna. Kira shi."

Ta kira, ba ta shiga ba. Ta sake kira, haka. Ga shi Hajiya Zulai ta ce ta zo da hantsi a fara hirar littafin.

"Ni da za ki ji tawa, da kin zauna sai ya dawo."

"An riga an biya, Iya. In ban je ba ai na zama ɓarauniya."

Iya ta daɗe tana kallon kokon da ya huce. Sannan ta kamo hannun 'yarta ta tofa mata addu'a a tafi, abin da rabon da ta yi mata tun tana zuwa jarrabawa.

* * *

A cikin motar haya, an matse ta tsakanin wani mai ƙaton ciki da wata mata mai kwandon tumatir, Mashkura ta rungume jakar kwamfutar ta kira Christiana.

"Christy, ni fa tsoro nake ji."

"Tsoron me? Babe, kuɗi ya shiga, laptop yana hannunki. Abuja ne wannan, ba Kano ba. Big madam ba ya pricing."

"Iya ta ce..."

"Iya na old school. Amma wait. Kin sa shi ya yi signing agreement ɗin da na tura maki?"

Hajiyar take nufi, a Hausar Christiana kowa "shi" ne. Mashkura ta kau da kai tana kallon titi.

"Mashkura!"

"Wallahi kunya na ji. Sa'ar Iya ce fa. Yaya zan ce ta sa hannu, kamar ban yarda da ita ba?"

"Chai. Okay, okay. At least kina da chat. Inda ya ce littafi, inda kika ce three million."

Mashkura ta janye wayar daga kunne ta shiga dubawa. Ta hau sama, ta sauko ƙasa. Babu. Ko sallama matar nan ba ta taɓa rubuto mata ba. Kullum kira take yi. Har lambar asusun ma da baki ta sa ta karanto mata, wai idonta ba ya son ƙananan rubutu.

"Christy... ba ta taɓa rubuto mini komai ba."



"Ki yi recording," Christiana ta ce, muryarta ta sauka. "Duk abin da ya faɗa yau, ki yi recording. Kin ji ni?"

* * *

A ƙofar gidan, can cikin Asokoro, mai gadi ya miƙo mata wani ɗan kwando.

"Waya."

"Da ita zan ɗauki hirar ai."

"Oga ya hana. Ko minista ne nan yake barin nasa."

Ta tsaya tana kallon kwandon. Zuciyarta ta ce juya. Ƙafarta ta ƙi. Ta saka wayar, ta ji kamar mayafinta ta cire ta ba shi.

Falon ya fi tsakar gidansu girma, sanyin na'ura kuwa har cikin ƙashi. Hajiya Zulai na zaune a kan doguwar kujera, fara, mai jiki, da carbi a hannu. Fuskarta irin ta matan da ake kai wa ƙarar miji su sasanta.

"'Yata! Sannu da hanya. Zo nan kusa da ni. Ya Iya da ƙafa?"

Mashkura ta durƙusa ta gaishe ta, tana ta laluben ranar da ta taɓa gaya mata Iya na ciwon ƙafa. Ba ta tuna ba.

Ta zaro kwamfutar ta ɗora a kan teburi.

"Ma sha Allah! Sabuwa ce?"

"E, Hajiya. Jiya na saya."

"A cikin kuɗin?"

"E. Tsohuwar ta mutu, kuma aikin nan yana son..."

"Kin kyauta. Wallahi kin kyauta." Hajiya ta yi murmushi har haƙorin makkanta ya fito. "Da kati kika biya ko?"

"E."

"Madalla."

Mashkura ba ta san dalili ba, amma madallar nan ba ta kwanta mata ba. Ta buɗe kwamfutar don ta samu abin yi da hannunta.

"To Hajiya, ko za mu fara da inda aka haifi Alhaji Yamusa? Shi ba zai samu fitowa ba?"

"Zai fito. Sha lemo tukuna."

Garin ɗaukar kofin ne idonta ya sauka a kan bangon da ke bayan Hajiya. Hotunan gine-gine ne jere, kowanne a cikin gilashi. A ƙasan kowane hoto akwai tambarin kamfani: koriyar giwa ta ɗaga hanci sama.

Ta san giwar nan.

A jikin ƙofar a-kori-kurar da ta kawo ragon Sallah ta gan ta. Tana tsaye a bakin get ranar, tana jin haushin yayanta, har motar ta juya da ragon yana kuka.

Idonta ya tafi kan hoton ƙarshe. Bene mai hawa uku, ba a gama fenti ba. Shi ma ta san shi. Manniru ba ya kawo sunan kowa gida, amma wata rana da abin ya ishe shi ya nuna musu hoton benen nan a wayarsa, ya matso da wata tsaga a jikin ginshiƙi wadda hannun mutum zai shige. "Ɗakin kwanan ɗalibai mata ne, Iya," ya ce. "Rodin katanga aka sa wa bene. Ko za a kore ni ba zan sa hannu ba."

Kofin ya karkace a hannunta, lemon ya zuba a kan mayafinta.

"Kin gane giwar ke nan," Hajiya ta ce, ko juyawa ba ta yi ba.

"Hajiya..."

"Ajiye kofin kar ki fasa mini. Na Dubai ne."

Ta ajiye.

"Na karanta rubutunki na bayan Sallah. 'Yayana Da Ya Mayar Da Rago.' Kin iya rubutu, 'yata, ba ƙarya. Har ƙwalla na yi. Ba ki kama suna ba, na yaba miki. Amma duk wanda ke harkar kwangila a garin nan ya san ragon waye. Alhaji ya shiga taro, manyan mutane da gemunsu suna yi masa kukan rago ƙasa-ƙasa."

"Wallahi ban san..."

"A ƙasan rubutun kuma sai ga lambarki. Ana rubuta tarihi, jawabi, talla, farashi mai sauƙi." Ta ja carbi ɗaya. "Mun kai rago, ya dawo. Mun kai makullin mota, ya dawo. Aka yi masa maganar fili a Gwarinpa, ya ce a kai kasuwa. Na ce wa Alhaji, bar ni da shi. Ba gidan da ba shi da ƙofar baya."

"Littafin fa?" Mashkura ta tambaya.

"Wane littafi? Alhaji ko jarida ba ya karantawa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita kaɗai ke yawo a kan Mashkura.

"Zan dawo da kuɗin. Yau ɗin nan."

"Duka?" Hajiya ta kalli kwamfutar.

"Zan mayar da ita. Zan ranto cikon. Wallahi kafin magariba..."

"Ki dawo da su mana, wa ya hana ki? Amma banki ba ya mantuwa. Kuɗi sun fita daga asusun kamfanin da ke gini, sun shiga asusun injiniyan da ke duba ginin. Sun kwana. Washegari an taɓa su da katinsa. Kin karanta abin da akawunmu ya rubuta a jikin saƙon?"

Mashkura ta zuba mata ido.

"Ba ki karanta ba. Sifilin kika tsaya kallo. Cewa ya yi, 'Na Injiniya Manniru, kashi na farko.'"

Gaskiya ne. Da saƙon ya shigo 'yar wayar Iya, adadin kawai ta gani ta yi sujada. Ko ƙasan ba ta duba ba.

"Ai... ai ku ma za a kama ku. Ku kuka bayar."

"Mu? Mu ne za mu kai ƙara. Ya matsa mana, ya ce ba zai sa hannu ba sai an ba shi. Muka ba shi na farko, ya raina, yana neman ƙari. Lauyanmu ya gama rubutawa, kai wa hukumar yaƙi da cin hanci kawai ya rage."

"Ƙarya ne! Zan faɗi gaskiya. Kuɗin aikina ne!"

"Sassauta murya, ba a yi mini ihu a gida." Ba ta ɗaga tata muryar ba, kuma hakan ya fi ban tsoro. "Ina takardar aikin? Ina saƙon da na ce ki rubuta mini littafi? Layin da nake kiranki da shi ma na wata mai aikina ce da ta koma garinsu. Kuma ke da kanki kin taɓa rubutawa a shafinki, kina kuka da mutane, wai jawabi guda dubu biyar ake ba ki. Sai ki tsaya gaban alƙali ki ce ke ce aka ba miliyan uku kafin ki rubuta harafi ɗaya. Ki ga ko shi ba zai yi dariyar da ni ban yi ba."

Hawaye suka ɓalle wa Mashkura. Ba ta ma san sun zubo ba sai da ta ji gishirinsu a baki.

Fuskar Manniru ce ta tsaya mata. Manniru da ya bar karatun digiri na biyu ya kama aiki da mahaifinsu ya rasu. Manniru da har yau bai yi aure ba, wai sai ya ga ta tsaya da ƙafarta. Takalminsa ɗaya na zuwa ofis, an yi masa ɗinki ya fi a ƙirga. Abu ɗaya ya mallaka a garin nan, sunansa, kuma shi ta ɗauka ta karanto wa matar nan lamba bayan lamba.

"Kin san abin da ya fi burge ni da ke?" Hajiya ta gyara zama kamar mai shirin ba da labari mai daɗi. "Ranar da na kira ki, tsorona ɗaya ne. Kar ki ce mini 'abin da ya sawwaƙa'. An ce mini haka kike cewa. Da kin faɗi haka da aiki ya lalace. In na turo masu yawa don kaina, za ki tsorata ki kai wa yayanki magana kafin ki taɓa ko sisi. In kuma kika ce dubu ɗari, asusunki na waya zai ɗauka, ba ruwan nasa. Wa ma zai yarda an sayi injiniya da dubu ɗari? Sai na ji kin buɗe baki kin ce miliyan uku. Wallahi sai da na yi hamdala."

"Don Allah ki daina..."

"Alhaji goma ya ware. Kin yi mana araha."

Mashkura ta zame daga kujera ta zube a kan gwiwoyinta. Ta kama gefen zanen Hajiya.

"Ki dubi girman Allah. Ki rufa mana asiri. Shi kaɗai gare mu. Iya ba za ta ɗauka ba, wallahi zuciyarta za ta buga. Ni ku yi mini duk abin da za ku yi. Zan yi muku rubutu kyauta har in mutu. Zan goge na ragon, zan rubuta wani in ce ƙarya na yi..."

"Ba wanda ke son ganin yayanki a gidan yari. Ni uwa ce. Hannu kawai zai sa a takardar kammala aiki. Biro ne da takarda, ko minti ɗaya ba zai ci ba. Ya sa, lauya ya yaga tasa, ke ki riƙe kwamfutarki, cikon bakwai ɗin ma a ba shi ya yi aure."

"Benen zai faɗi, Hajiya! 'Ya'yan mutane ne za su kwana a ciki!"

"Allah ne mai tsarewa."

Haka ta faɗa, a sanyaye, tana jan carbi. A nan ne tsoron Mashkura ya sake kama, ya zama wani iri. Ɗazu tsoron kar a ɗaure yayanta take ji. Yanzu kuma ga wani ya taso ya danne shi: kar ya sa hannun saboda ita.

Ta san shi. Zai iya kallon rago ya ce a mayar. Zai iya kallon mota ya kau da kai. Amma ranar da zazzaɓi ya kayar da ita tana 'yar sakandare, a bayansa ya goya ta har asibiti yana kuka kamar yaro.

"Tashi ki goge fuskarki," Hajiya ta ce. "Ba ni za ki roƙa ba."

"Ba zan roƙe shi ba. Ko kashe ni za ku yi."

"Ba sai kin ce komai ba. Zamanki a nan ya isa."

Ƙarar buɗe get ta shigo har falon. Mota ta tsaya. Aka rufe ƙofa, aka sake rufe wata.

Mashkura ta miƙe zumbur ta rarumi jakarta. Ƙofar fita ɗaya ce, kuma ta nan takun ke tahowa. Ta waiga hagu, ta waiga dama. Ta kai hannu za ta ɗauke kwamfutar ta ɓoye, Hajiya ta ɗora tafinta a kan murfin.

"Bar ta nan. Ta yi wa teburin kyau."

Muryar wani dattijo ta fara shigowa, yana dariya. Sai ta biyu ta biyo, wadda Mashkura za ta gane ko a cikin kasuwar Mararaba ne.

"Alhaji, na biyo ka ne don girmamawa, ka haife ni. Amma maganata tana nan inda take. A rushe hawa na uku, a sake ginshiƙan nan, ni da kaina zan kawo maka takardar har gi..."

Labule ya ɗaga.

Manniru ya tsaya cak a bakin ƙofa, jar ƙasar Masaka a takalminsa, hular kwanon aiki a hammatarsa. Ya kalli Hajiya. Ya kalli sabuwar kwamfutar da ledarta. Sannan ya kalli ƙanwarsa, mayafi jiƙe da lemo, fuska jiƙe da hawaye.

"Auta? Me kike yi a gidan nan?"

Mashkura ta sunkuyar da kai.

Hajiya Zulai ta ajiye carbinta a kan teburi, ta nuna masa kujera da hannu biyu.

"Injiniya, sannu da zuwa, bismillah zauna. Mashkura, 'yata, daure ki gaya wa yayanki nawa kika sayar mana da shi."